Tagar da Na Liƙe a Kan Jikana

Tun ranar da muka sauka daga jirgi ban huta da tambaya ba. A bakin ruwa, a wurin banda, har a gidan gaisuwar mutuwa, sai wata ta matso ta ce, "Inna Kulu, yaya Ilorin? An ce gidan sama kunka kwana." Wata kuma so take ta ji ko da gaske ne tuwonsu baƙi ne. Na gaji da cewa "sai godiya" ina kau da kai. Tunda kun nace, ga shi na rubuta da ɗan bokon da na tsira da shi daga firamare. Kowa ta karanta, ko a karanta mata, ta bar ni in sha iska. Amma ku sani ba yawon buɗe ido na je ba, kuma wadda ta zo neman dariya kaɗan za ta samu.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Kulu mai banda, a wata tunga da ke kan tsibiri gaban Wara. Ban da kifi, ni ce ungozomar tungar, kuma abin da aka fi sanina da shi shi ne maganin maɗiga. Maɗiga ita ce wurin nan mai laushi a tsakar kan jariri, inda ƙashi bai haɗe ba, wanda ake ganin yana harbawa. A wurinmu ƙofa ce a buɗe, iska na shiga, sanyin ruwa na shiga, don haka ake liƙe ta. Nakan daka wata saiwa da jar kanwa, in kwaɓa da man kaɗe, in shafe wurin. In ya bushe sai ya yi tauri kamar yumɓu. Wurin innata na gaje shi, kuma har daga Shanga mata kan biyo jirgi su zo nema. Ban taɓa tunanin akwai ranar da zan ji kunyar faɗin haka ba.

Saratu, 'yata ta uku, ta dawo gida goyon cikin fari. Cikin yana wata bakwai naƙuda ta taso mata. Muka tsallaka da ita asibitin Wara, ta haifi namiji, bakwaini, ɗan mitsitsi da za ka iya ɗorawa a tafin hannu ɗaya. Ma'aikatan suka koya mata ta ɗaure shi a ƙirji, fata da fata, don ya ji ɗumi. Bayan 'yan kwanaki suka sallame mu, suka ce in an yi suna a kai shi Yelwa a auna nauyinsa. Aka raɗa masa Isuhu. Ni ke masa wanka, ni ke gasa masa cibiya, ni na liƙe masa maɗiga tun ranar da muka iso gida.

Saratu kuwa ta yi abin da na koya mata. Kun san kunyar ɗan fari. Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta kama sunansa, in za ta ba shi nono sai ta juya wa jama'a baya. In an tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai, ni in amsa. Ni kaina har gobe ban taɓa kiran sunan babban ɗana ba. Na riƙa yabonta a gaban 'yan barka ina cewa, "Ku gani, wagga ba irin ɗiyan zamani ta ba, da ka rungume ɗa gaban surukai."

Yana da kwana goma na ɓamɓare tsohon liƙin don in sabunta. Na ɗora babban yatsana a wurin, sai na ji abin da ban taɓa ji ba. Maɗigar da na sani in ta yi ciwo lotsawa take yi. Wannan tasowa ta yi, ta yi tam kamar fatar ganga. Na duba Saratu, na ga fuskarta na wajen bango. Sai na ce a raina iska ce ta shiga, na kwaɓa magani mai kauri fiye da na kullum, na shafe, na sa masa hula biyu. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan kwana uku muka kai shi awo Yelwa, wani ɗan asibiti mai zaman kansa. Wata yarinyar nas ta cire hular, ta ga liƙin, ta ce, "Mama, a wanke wannan in ga kan."

Na ce, "Ke, ɗiya nawa kinka haihwa?"

Ta ce ba ta yi aure ba tukuna.

Na ce, "To ni tara na haihwa, na wanke na mutane ba adadi. Ki auna abin da anka ce ki auna."

Ta auna, ta rubuta, ta miƙo mana kati. Na dawo tunga ina ba da labarin yadda na sa 'yar boko ta yi shiru, kuka yi ta dariya. Wasunku masu tambayata Ilorin yau suna wurin.

Da ya kai sati biyar abin ya fi ƙarfin ɓoyo. Nono in ya sha sai ya dawo da shi. Kukansa ya koma siriri mai tsini. Idanunsa suka riƙa nutsewa ƙasa, farin ya fito a sama, hular da na saƙa masa kuma ta ƙi shiga. Bala, mijin Saratu, masunci ne mai kunya wanda bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ranar ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, a yi man haƙuri. A bar ni in kai shi ga likita."

Muka koma Yelwa. Wannan karon wani dattijon likita muka samu. Ya zagaya kan yaron da igiyar awo irin ta tela, ya kankare gefen liƙin da farce, ya taɓa, ya dube ni. Ya rubuta takarda ya ce ruwa ne ke taruwa a kan, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa a babban asibiti inda akwai masu aikin kai, Sakkwato ko Ilorin. Bala yana da kawu mai sayar da banda a Ilorin, ga masauki a hannu, sai muka zaɓi can. Kafin mu kama hanya na sake liƙe wurin da likitan ya kankare, wai kada iskar mota ta shiga. Ku ji taurin kai.

Da hantsi muka bar Yelwa a motar wani direba da Bala ya sani, mai kai kifi kudu. Kwandunan banda a baya, mu huɗu a kujerar tsakiya da wani malami mai zuwa Makwa. Ni na cika wurin da kaya. Saratu ba ta yi arba'in ba, don haka na ɗauko tukunyar wankan jego, da damin ganyen darbejiya, da garin kunun kanwa, har da ɗan murhun ƙarfe. Direban ya dubi tukunyar ya ce, "Inna, biki za a yi can?" Na ce masa ya ja motarsa.

Ba mu yi nisa ba muka bar Kebbi muka shiga jihar Neja. Iyakar ba wani abin gani ba ce, allo ne da ya sha rana, sai wasu mutane da katako mai ƙusoshi a gicciye a hanya. Daga nan har Kwantagora ban san sau nawa aka tsayar da mu ba. Kowa da abin da yake nema, wannan takardar mota, wancan takardar kifi. Akwai wanda ya ɗaga murfin tukunyata ya shinshina ganyen, ya ce wace irin taba ce wannan. Na ce masa irin wadda aka yi wa uwarsa wanka da ita ce. Malamin ya yi ta istigfari yana danne dariya. Duk tsayawar nan ba wanda ya tambayi me ke cikin zanen da ke ƙirjin Saratu.

Bayan Kwantagora hanya ta lalace. Ramuka ne da manyan motoci jere kamar ba za su ƙare ba. Duk sanda mota ta faɗa rami sai Isuhu ya saki kukan nan nasa, ni kuma in ji shi har cikin haƙorana. Sau biyu ya yi amai. Saratu ta goge da bakin mayafinta. A Makwa muka tsaya salla. Matan Nufawa suka kewaye motar da ƙuli-ƙuli da soyayyen kifi. Ƙuli-ƙulinsu na yaba, siriri ne mai yaji. Kifin kuwa sai dai a yi shiru, tarwaɗa ce aka nuna wa wuta aka janye. Wata daga cikinsu ta leƙo ta ga kan yaron, ta ja baya, ta ce wani abu da yarensu, sannan ta ajiye wa Saratu ƙullin ƙuli-ƙuli a cinya ta tafi ba ta waiwayo ba. Wannan kyautar ta fi zagi yi mini ciwo.

A Jabba muka hau gada. Direban ya ce in duba ƙasa, ruwanmu ne. Na duba, na ga kogin da na sha tun ina jaririya yana wucewa ƙarƙashin ƙafafuna, ya riga mu isowa ba tare da kowa ya tsayar da shi ba. Muna sauka gadar harshe ya canja, allunan shaguna suka canja, har gaisuwa ta canja. Nan na fara ganin mace ta zube gwiwa biyu a bakin titi tana gaida dattijo, namiji kuma ya kwanta rub da ciki. Na ce to, ashe akwai waɗanda suka fi mu wahalar da kansu.

Masaukinmu ba gidan sama ba ne, wadda ta faɗa muku haka ta ƙara gishiri. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, a bayan kasuwar da kawun Bala ke ciniki. Ya bar mana ɗakin ya koma shago da Bala. Makewayi ɗaya ne ga gidan duka, ana layi da bokiti. Na hura murhuna a tsakar gida na ɗora tukunya, sai ga matan gidan sun fito suna ta surutu suna nuna shanyarsu da hayaƙin ke bi. Ban ji abin da suke faɗi ba, su ma ba su ji nawa ba, amma kowa ta gane an zage ta. Da suka ga Saratu da abin da ke ƙirjinta sai faɗan ya mutu. Ɗaya ta kawo itace, ɗaya ta kawo kwano a rufe. Na buɗe, ga baƙin tuwon da kuke tambaya. Amala suke ce masa, da garin busasshiyar doya ake yi, miyarsa koriya mai yauƙi da jan mai a sama. Ya fi kamarsa daɗi. Ban iya cin fiye da loma uku ba, amma ba laifin tuwon ba ne.

Washegari muka je babban asibitin. Gari ne guda. Mai gadi ya hana ni shiga da murhu, ya ajiye shi a gindin bishiya, ban sake ganinsa ba. Muka yi ta yawo daga wannan taga zuwa waccan, Bala na gaba da takarda yana haɗa Turancinsa na bakin ruwa. Sai bayan azahar aka kai mu sashen jarirai. Nan na ga bakwaini irin namu, har da waɗanda ba su kai shi ba, kowanne a cikin akwatin gilashi, kansu a buɗe ba hula ba liƙi. Na ce a raina waɗannan mutane ba su da tausayi.

Likitar da ta karɓe mu Bayarbiya ce, ba za ta girmi Saratu da yawa ba. Ta yi bautar ƙasa a wajenmu, don haka tana jin Hausa, sai dai takan mai da mace namiji. Ta turo wata na'ura a kan keke, mai allo kamar talabijin. Ta zare hular Isuhu, ta ƙwanƙwasa liƙin da yatsa ta ce, "Mama, wa ya sa wannan?"

Na ce, "Ni."

Na shirya faɗa, amma ba ta ba ni ba. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi da auduga, ta zauna tana jiƙa shi a hankali. Ya ɗau lokaci, don aikina ba na wasa ba ne. Tana yi tana magana. Ta ce ƙashi ba ya barin na'urar ta gani, amma Allah ya bar wa jariri taga ɗaya a tsakar kai, kuma ta nan kaɗai ake leƙa ƙwaƙwalwarsa ba tare da an yanka ko an huda ba. In ya girma tagar ta rufe, shi ke nan. Da liƙin ya fita, wurin ya bayyana a kumbure yana sheƙi, jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu. Na ji Bala ya ja numfashi a bayana.

Ta shafa wani mai mai sanyi, ta ɗora wani ɗan abu da bai fi kan ludayi ba. Isuhu ko motsi bai yi ba. A allon sai ga wani hoto toka-toka, a tsakiyarsa baƙaƙen wurare biyu manya. Ta ce waɗannan ɗakunan ruwa ne, kowa yana da su, amma a jariri mai lafiya 'yan siraran tsagu ne. Ta nuna wani farin dunƙule ta ce tsohon jini ne. Jijiyoyin kan bakwaini ba su yi ƙwari ba, sukan fashe a kwanakin farko. Jinin ya daskare ya toshe hanyar da ruwan ke fita, ruwan ya taru yana danne ƙwaƙwalwa a jikin ƙashi. Ta nuna gefe ɗaya inda naman ya yi siriri. Duk abin bai kai lokacin da tukunyar shayi ke tafasa ba.

Sai ta juyo ta ce, "Yaushe wurin ya fara tashi?"

Saratu na kallon ƙasa. Na ji bakina ya ce, "Ba mu lura ba."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Mama, maganinka bai kawo jinin ba. Wannan daga haihuwa da wuri ne, ba laifin kowa. Amma ya rufe taga. Wanda zai gani da ido bai gani ba." Ta ce su a nan duk bakwainin da ya zo sai sun leƙa kansa a satin farko, su sake leƙawa bayan kwanaki, ko da lafiyarsa lau. In sun ga ruwa ya fara taruwa sai su riƙa rage shi tun bai danne komai ba. Bala ya tambaya, da an zo tun lokacin da ya warke? Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, jinin kansa ya yi tasa ɓarnar, amma makonnin da ruwan ya yi yana dannewa sun ƙara, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa.

Na tambaye ta ko a nan kaɗai ake da wannan na'ura. Ta ce a'a, irin wadda ake duba cikin mata ce, sai dai a samu ɗan abin ɗorawar da ya dace, da wanda ya koyi duba jariri. Sau biyu aka ɗora wa Saratu irinta a Yelwa tana da ciki, aka ce mana namiji ne, muka yi guɗa. Ashe abin yana nan kusa da mu, ana tambayarsa mace ko namiji, ba wanda ya koya masa wata tambayar. A Wara ma da suka sallame mu ba wanda ya ambaci kai, nauyi kawai suka ce. Na yi fushi da su duka, har yau ina yi. Amma duk inda na kai fushin sai ya dawo ya tsaya a kan babban yatsana.

Sati uku muka yi a asibitin. Aka yi masa aiki, aka sa masa siririyar roba a ƙarƙashin fata, daga kai ta bi bayan kunne ta sauka ciki, don ruwan ya riƙa zurarewa. Abin da aikin ya ci kuwa, ku tambayi injin jirgin Bala, wanda yanzu yake bayan jirgin wani.

Masu jinya a baranda muke zama, kowa da tabarmarta. Kusa da ni wata tsohuwar Bayarbiya ce da ake kira Iya, jikarta na cikin akwatin gilashi. Ba mu da harshe ɗaya, amma mun yi hira fiye da yadda nake yi da wasunku. Ita ta koya mini cin goro da ɗan barkonon nan nasu, ni na koya mata gane bandar da ta ji wuta. Wata rana ta ga ina wanke ɗan kaskon da nake kwaɓa magani. Ta karɓa ta shinshina, ta taɓa tsakar kanta, ta yi dariya. Ta kwance bakin zanenta ta nuno mini wani baƙin ƙulli. Wata mai shara ta fassara mana. Ashe su ma suna liƙe maɗiga, da nasu haɗin. Iya ta zo da shi tun daga ƙauye, amma surukarta, uwar jaririyar, ta tsaya a ƙofa ta ce ba mai taɓa kan 'yarta. Iya ta faɗi haka tana girgiza kai, wai yaran yanzu ba kunya. Na taya ta girgiza kai. Jikarta ta fita daga akwatin kafin mu tafi, an leƙa kanta sau uku ba a ga komai ba.

A wajen nan na ga abin da ya fi tuwonsu ba ni mamaki. Yarinya da haihuwar fari za ta tare likita a hanya ta yi masa tambaya goma, ta kira sunan ɗanta da ƙarfi, ta yi masa rawa a gaban uwar mijinta. Da farko na ce rashin tarbiyya ne. Daga baya na daina cewa komai.

Ranar sallama likitar ta sake ɗora na'urar. Baƙaƙen wuraren sun ragu. Ta ce ya tsira da ransa, amma hannu da ƙafar dama sai an sa ido, wataƙila su yi nauyi, wataƙila tafiya ta yi masa wuya, magana ma ba ta sani ba tukuna. Ta ce a bar kan a buɗe, a riƙa taɓawa kullum, in ya tashi ko ya fara amai a taho ko ana ruwan sama. Saratu take wa bayanin, ba ni ba.

Dawowa ba abin da zan ba ku labari. Hanyar ce dai, da ramukanta da masu katakonta. Tukunyar na bar wa matan gidan haya. Daga Wara muka shiga jirgin Bala, shi a baya yana tuƙi da filafili tunda ba inji. Tsallakawar da muke yi kafin a gama tauna goro ta koma tafiya mai tsawo, kuma ba ƙarar da mutum zai ɓuya a bayanta. La'asar ce, ruwan ya kwanta. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Tun daga ɗakin na'urar nake ɗauke da maganar, na ga in na taka tunga da ita ba zan ƙara faɗinta ba.

Na ce, "Saratu, ƙarya na yi ma likita. Na lura. Tun yana kwana goma na ji wurin ya tashi, na ƙara magani na rufe."

Na jira ta yi kuka, ko ta zage ni, da na fi son haka. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Inna."

Na ce, "Kin san mi?"

Ta ce, "Na ga sa'adda hannunki ya tsaya. Ni tun kwana biyu kahin nan na ji shi. In kin tai wurin banda ni kan sa yatsa ta gefen liƙin. Kullum ina jin yana ƙaruwa. Ran da munka tai Yelwa, da nas ta ce a wanke, har na ji daɗi."

Filafilin Bala ya tsaya. Na ce, "To mi ya hana ki hwaɗi?"

Sai a lokacin ta dube ni. Ta ce, "Ke kinka ce ɗiyar kirki ba ta maganar ɗan fari."

Ta kwance zanen ƙirjinta ta fito da shi, a gabana, a gaban mijinta. Ta ɗaga shi saitin fuskarta, kan nan a buɗe da ɗinkinsa iska na bugunsa, ta ce, "Isuhu. Isuhu, ga gida can." Wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinta.

Da jirgin ya taɓa gaɓa na riga ta sauka, na miƙa hannu in karɓe shi kamar yadda aka saba, don ta ji daɗin fitowa. Wasunku kuna tsaye a wurin, kun gani, ko da yake ba ku san me kuka gani ba. Ta riƙe abinta, ta taka cikin ruwa da shi har gwiwa, ta wuce ni.

Har yau ita ke yi masa wanka.